Jiniyar farfela ko ta lasifika?

Jiniyar motocin agajin gaggawa galibi iri biyu ce. Ta dā, wadda 'yan kwana-kwanan Amurka suka ƙi rabuwa da ita har yau, farfela ce a cikin gwangwanin ƙarfe mai ramuka. Injin lantarki ke juya ta, tana zuƙo iska tana datsa ta ɗaruruwan sau a daƙiƙa guda. Gudunta na ƙaruwa, kukan na hawa. In direba ya saki maɓalli, sai ya riƙa sauka a hankali kamar ba zai ƙare ba. Samfurin Q2B na kamfanin Federal Signal yakan kai desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 123 a tazarar mita 3, ƙarar da ke sa kunne zafi. Matsalarta shan batir, shi ya sa ta fi dacewa da babbar mota.

Ta zamani kuwa lasifika ce kawai, galibi mai wat 100, ƙararta wajen desibel 120. Ba ta cin wuta sosai, ana sauya mata kuka a mahaɗar hanya, har magana ana yi ta cikinta.

Ni dai a motar asibiti ta lasifika zan zaɓa. Amma duk nisan da ya ninka, ƙara na raguwa da desibel 6, don haka direban da ya rufe gilashi ya ƙure rediyo sai motar agajin ta zo dab da shi yake jin ko wacce.