Garin furobayotik na kaji, abin da na gani da idona

Jama'a na gwada garin nan na furobayotik da ake zuba wa kaji a ruwan sha, mai ƙwayar bakteriya mai amfani da ake kira Bacillus subtilis, kuma gaskiya na ga bambanci. Da ma zawon kajin ne ya dame ni, shimfiɗarsu kullum a jiƙe, tun daga ƙofa wari zai buge ka. Sati 2 da farawa kashin ya ɗaure, gindin 'yan tsakin ya daina damewa da kashi, har shara ta yi min sauƙi.

Abin da ke cikin garin ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani, suna shiga hanji su yi ta gogayya da masu cutarwa kan abinci da wurin zama, kuma tun da Tarayyar Turai ta hana sa antibayotik a abincin dabbobi don saurin girma a 2006 masu bincike suka ƙara duƙufa a kansu. Amma fa ba magani ba ne, in kaza ta kwanta likitan dabbobi za ka nema. A wajena buroila, wato kajin nama, sun fi masu ƙwai nuna canji, ina zargin bambancin irin kajin ne.

Abu ɗaya ya ɓata min rai, ledar ba ta rufuwa, danshi ya shiga garin ya dunƙule sai da na juye sauran a gwangwani.