Sansani ko cikin gari, ina ya fi a sauke 'yan gudun hijira?

Tunda yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 jama'a suka riƙa kwarara Adre a gabashin Chadi, ake ta tambayata wai wanne ya fi, a tara su a sansani ko a bar su su shiga gari su nemi na kansu.

Ta fannin kuɗi dai gwamnatoci sun fi son sansani, don UNHCR (hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya) da WFP (hukumarta ta abinci) ke ɗaukar yawancin nauyin, ga rajista da rabon abinci da rigakafi duk waje guda. Matsalar kawai sansani in ya kafu da wuya ya tashi. Sansanin Farchana a Chadi tun rikicin Darfur na farko yana nan, na Dadaab a Kenya tun 1991, yara an haife su a can har sun yi aure suna bin layin hatsi da kati a hannu, ranar da tallafi ya ja baya kuma sai a rage mudu.

Cikin gari kuwa tela zai samu keke, malama ta samu aji, Yuganda ma har fili take basu su noma. Amma fa nan 'yan siyasa ke samun abin kamfe, haya ta tashi, asibiti ya cika, sai a ce baƙi ne. A Kayseri ta Turkiyya a 2024 har shagunan 'yan Siriya aka ƙona.

Ni a ganina sansani ya dace da watannin farko da kuma yankin da ko ruwan sha bai ishi masu gari ba. Zaman gari kuma sai ƙasar da zata basu takardar aiki, musamman inda yare da dangi ɗaya ne.