Kuros ko keken dutse? Amsa ga magidanci mai yara uku

Malam, na ga tambayar da ka jefo mana a zaure daren Talata. Ka ce ka kalli bidiyon Turawa suna tsere cikin taɓo, suna dirowa su saɓa keke a kafaɗa su ruga da shi, sannan ka ga wani na masu gangarowa daga kan duwatsu da keke mai ƙatuwar taya. Kana sha'awar shiga ɗaya, amma ga shago a Kwari, ga iyali, ga yara uku da babbansu bai wuce shekara 9 ba, kuma kuɗin keke ɗaya ka tara. Wanne za ka kama?

Ga amsata tun kafin bayani: ka sayi keken dutse, amma ka yi tsere irin na kuros da shi. Bari in faɗa maka dalili, don na taɓa duka biyun, kuma ni ma akwai masu jirana a gida.

Na farkon da ka gani sunansa saikulokuros, mu kan ce kuros kawai. A Faransa ya tashi, sun yi gasar ƙasa ta farko a 1902, gasar duniya kuwa sai 1950 a birnin Paris. Yau cibiyarsa Beljiyam ce da Holan. Mu nan Beljiyam da mota da firji na hannu muka san ta, amma can ranar tseren kuros mutane dubbai ke fitowa cikin sanyi su tsaya a taɓo suna kallo. Daga Satumba zuwa Fabrairu ake yin sa, lokacin kakarsu da hunturunsu. Filin gajere ne, zagaye ɗaya kilomita 2.5 zuwa 3.5, a yi ta kewaya shi. Manya suna yin kamar awa ɗaya, 'yan sha'awa irinmu minti 30 zuwa 45. A cikin zagayen akwai ciyawa, akwai laka, akwai rairayi, akwai tudu mai tsayin da dole ka sauka, da katakai da ake gittawa waɗanda tsayinsu ba ya wuce santimita 40. Keken kamar na tseren kwalta yake, kansa lanƙwasasshe, ba shokozoba, tayar dai ce ke da ƙuraje, kuma a gasar hukumar kekuna ta duniya, UCI, faɗinta ba ya wuce milimita 33. Idan za ka ƙara kallo, nemi tseren Koksijde a Beljiyam, wanda ake yi cikin tudun rairayi a bakin teku. Shi ya fi kama da ƙasarmu. Ka duba yadda gwanin Holan Mathieu van der Poel ke ratsa rairayi bai sauke ƙafa ba. A 2025 ya ci kambun duniya karo na 7, ya kamo tarihin Erik De Vlaeminck, tsohon zakaran Beljiyam.

Keken dutse yaro ne a kansa. A shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta Kaliforniya, a Amurka, suka fara gangarowa daga tsauni da tsofaffin kekuna masu kaurin taya. Gasar duniya ta farko a Durango aka yi ta a 1990, ya shiga Olamfik a Atlanta a 1996. Kansa miƙaƙƙe ne, yana da shokozoba a gaba ko gaba da baya, tayarsa ta kusa ninka ta kuros a faɗi. Tserensa iri-iri ne: akwai na zagaye mai cin kamar awa ɗaya da rabi, akwai na dogon zango daga kilomita 60 zuwa sama, har da irin Cape Epic na Afirka ta Kudu da aka fara a 2004, wanda ake kwana 8 ana yi, mutum biyu-biyu.

To, ga inda maganar take ga mai iyali. Lokaci.

Kano shimfiɗaɗɗiya ce. Dala da Gwauron Dutse suna tsakiyar gidajen mutane, ba wurin tsere ba ne. Idan dutse na gaske kake so, sai ka nausa kudu, wajen Rano da Rurum da Tiga, kusan kilomita 70 daga birni. Ka lissafa: a ɗaure kekuna a mota bayan asuba, a yi tafiya, a hau awa uku ko huɗu, a tsaya a ci abinci, wani ya yi faci, wani sarƙarsa ta tsinke, a juyo. Ba ka shigowa gida sai bayan la'asar, kuma ka shigo ba ka da sauran amfani, wanka da kwanciya kawai. Wannan ita ce Asabar ko Lahadin da yara ke gida, ranar ɗaurin aure da suna da gaishe da tsofaffi. Akwai wata Lahadi da ba na mantawa. Ina can bayan Tiga inda waya ba ta shiga, zazzaɓi ya rufe ƙaramar 'yata. Uwarta ta kira har ta gaji, ƙarshe ƙanena ne ya bar abin da yake yi ya kai su asibiti. Da na iso na tarar da ita zaune a bakin gado, hijabinta a jiƙe da ruwan da take shafa wa yarinyar. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Sannu da dawowa." Har yau idan na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina.

Kuros ba ya neman dutse. Fili yake nema wanda bai fi girman filin ƙwallo biyu ko uku ba, mai ɗan kwazazzabo da ɗan rairayi, irin wanda ke bayan kusan kowace unguwa ta gefen gari, ko ta Panshekara ka bi, ko ta Kumbotso, ko hanyar Gwarzo. Bayan kaka, idan an gama girbi an kwashe kara, mukan nemi izinin mai gona, mu kafa turaku mu ja igiya, mu gitta katako biyu. Ka yi sallar asuba, ka fita, ka ɗumama jiki, a yi tsere na minti 40, a kwance igiya. Kafin ƙarfe 9 kana gida da ƙosai a leda, ka yi wanka ka kai yara Islamiyya. Atisayen tsakiyar mako ma haka yake: minti 45 kafin ka buɗe shago ya isa, domin wasan na ƙarfi ne na ɗan lokaci, ba na juriyar wuni ba. Mai shirin dogon zango kuwa dole ya riƙa zama awanni a kan sirdi kowane mako, in ba haka ba ranar tsere ƙafa za ta ƙi.

Akwai kuma abin da ban sani ba sai da na gwada. A tseren daji iyalinka suna ganin tafiyarka ne da dawowarka, shi ke nan. A kuros kana wucewa ta gabansu kowane minti shida ko bakwai. Ɗana na fari shi ke ƙirga mana zagaye. Gwangwanin madara yake riƙewa, duk wucewata ya jefa tsakuwa ɗaya a ciki, yana ihu, "Baba, saura uku!" Ƙanwarsa tana tsaye da gorar ruwa ta riƙe da hannu biyu. Idan manya sun gama, sai mu gajarta igiyar mu bar yara su yi nasu zagayen da ƙananan kekunansu, wanda ba shi da keke ya yi da ƙafa. Yanzu tun daren Asabar su ke tuna mini. Abin ya tashi daga "Baba ya fita" ya koma "mun fita", kuma uwarsu ta sami safiya guda ba hayaniya.

A nan kuros ya yi nasara, ba ko tantama. Amma a maganar keken kansa, hukuncin ya juye.

Ƙasarmu rairayi ce da ƙaya. Taya mai milimita 33 a hannun gwani tana ratsa rairayi, a hannun sabon shiga kuwa nutsewa take, kan keken ya karkace, ka tsinci kanka a ƙasa. Faffaɗar tayar keken dutse, idan ka ɗan rage mata iska, bisa rairayin take tafiya. Sai tsidau, wanda duk mai hawa burtali ya san shi. Safiya ɗaya na taɓa cire ƙaya biyar daga tayar gaba. Maganinsa taya marar tub wadda ake zuba wa ruwan liƙi a ciki, ƙaya ta huda ruwan ya toshe kana tafe. Ana yin ta ga kekunan biyu, sai dai zafinmu yana busar da ruwan da wuri, don haka ka riƙa dubawa kana ƙarawa. Idan ba ka samu ba, ka ɗauki tub biyu da famfo duk fita.

Sannan samuwa. Ka zagaya wurin masu kekunan gwanjo, za ka ga keken dutse iri-iri, kuma mai gyaran keke na bakin titi ya san giyarsa da birkinsa, kayansa ba sa wuya. Keken kuros na gaske sai an dace, kuma ranar da hannun giyarsa ya lalace, wanda yake haɗe da birki, za ka iya wata guda kana jiran saƙo. Ƙwararru a Turai da keke biyu ko uku suke zuwa tsere, suna musanyawa a tsakiyar gasa ana wanke musu ɗayan. Wannan ba lissafin mai biyan kuɗin makarantar yara uku ba ne. Ko can ɗin ma, a ƙananan tseren 'yan sha'awa da yawa ana barin mutum ya shiga da keken dutse. Ka nemi mai shokozoba a gaba kaɗai. Mai gaba da baya ya fi tsada, ya fi nauyi, gyaransa ya fi yawa, kuma a filinmu ba abin da zai ƙara maka. Gaskiya ne keken dutse ya fi nauyin saɓawa, kuma firam ɗin wasu, wato gangar jikin keken, ba ya barin kafaɗa ta shiga sosai. Sai ka kama shi ta sama ka ɗaga kamar jaka ka tsallake katakon. Za ka rasa daƙiƙa biyu, ba wani abu ba. Kuma keken nan shi zai kai ka cefane, shi zai kai ka Kwari ranar da hanya ta cushe.

Maganar rauni ma kada mu tsallake ta, tunda kai ne mai nema wa gida. A kuros ana faɗuwa da yawa, amma gudun kaɗan ne kuma kan rairayi ko ciyawa ake faɗawa: ƙujewar gwiwa, bugun ƙwauri a katako, ciwon cinya lokacin da kake koyon tsalle ka koma kan sirdi. A kan dutse faɗuwar ba ta da yawa, amma idan ta zo da ƙarfi take zuwa. Karayar ƙashin wuya, wanda ya haɗa kafaɗa da ƙirji, sananniya ce ga masu keke, kuma makonni take ɗauka hannu na rataye. Ka tuna kuma nisan wurin da asibiti. Hular kwano dole ce a duka biyun, gare ka da yaran. Kuros kuma, duk da gajartarsa, yana matsa zuciya matuƙa, minti 40 numfashi na sama-sama. Idan ka haura 40 ko kana da hawan jini a dangi, ka je a auna ka kafin ka fara.

Ba zan ɓoye maka abin da za ka rasa ba. Akwai daɗin da kewaya fili ba ya bayarwa. Ka hau kan fā a Rurum da sassafe bayan ruwan Agusta, ƙasa ta yi kore har iyakar ganinka, ka gangaro ka bi burtali ka ci karo da garken shanu, ka tsaya a ruga a dama maka fura da nono. Ina son wannan har cikin raina, kuma ban bar shi ba. Na dai mayar da shi sau ɗaya a wata biyu, da sanin uwargida tun mako guda kafin ranar, da ayari ba ni kaɗai ba, kuma na bar mata lambar wanda ke tuƙa motar. Da keken kuros wannan tafiyar wahala ce. Da keken dutse kana da duka biyun.

Yanayi ma ya taimake mu. Lokacin kuros na Turai ya faɗo daidai kakarmu da hunturunmu, gonaki a buɗe, safiya da sanyi. Ranar da hazo ya yi kauri dai ka haƙura, musamman idan cikin yaran akwai mai asma. Ƙurar hunturu tana cin sarƙa, ka goge ta bayan kowace fita, ka sa mai kaɗan, kada ka jiƙa ta da baƙin mai ƙura ta manne. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, duk abin da za a yi a gama shi kafin ƙarfe 8. Da damina akwai taɓo irin na bidiyon, amma gonaki na da shuka, kada tayarka ta taka ko kunya ɗaya. Da azumi mukan ajiye tsere gaba ɗaya, sai ɗan juyi marar wahala. Ka kuma lura da Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli, shi ya sa muka fi son Lahadi.

Kafin ka kai kuɗi kasuwa, ka zauna da mai ɗakinka. Ka faɗa mata kuɗin keken na gaskiya, da na hula da taya, kada ta ji daga bakin wani. Ku yanka ranaku da lokacin dawowa, kuma idan ka ce ƙarfe 9 to ya zama 9. Kayan da ka ɓata da laka kai za ka wanke, keken ma a waje za ka wanke shi, ba a tsakar gidan da ta share ba.

Lahadin nan, in Allah ya kai mu, muna da fita. Ka zo bayan asuba da babban yaronka, zan ara maka nawa ka yi zagaye biyu, akwai kuma ɗan'uwa mai keken kuros da za ka gwada nasa a kan rairayi ɗaya, ƙafarka ta faɗa maka bambancin. Idan ka tashi saye ka kira ni mu je tare. Akwai wuraren da firam ke tsagewa, wajen walda a ƙarƙashin wuyan keke da kusa da feda, kuma sabon fenti yana rufe su, sai an shafa da yatsa ake ganewa.