Tirakar da na saka wa babur ɗina: ta dawo mini da shi, amma har yau ina jin haushinta

Ni da can ban yarda da tiraka ba, wato na'urar nan da ke nuna maka a waya inda babur ɗinka yake. Shekara da shekaru sarƙa da kwado nake yi: in kulle kan babur, in zura sarƙa a tayar baya in haɗa da turken rumfa, shi ke nan. Sai da aka ɗauke na maƙwabcina a ƙofar gidansa tsakanin magariba da isha'i, yana ciki yana alwala, sannan maiɗakina ta hana ni sakat. Kun dai san yadda Boxer ya koma, abin da a da ake saye da kwasar adashe ɗaya yanzu ya haura miliyan. In ya tafi, ba ka da ranar yin wani. Bayan ƙaramar Sallah ta 2024 na je wajen wani mai wayarin a layin masu kayan babur ya saka mini tiraka, irin ƙananan nan 'yan China da ba su fi akwatin ashana biyu ba. Da layin waya a cikinta, da wani ɗan abu da ya haɗa da wayar wuta, ya ce in na tura saƙo shi zai kashe injin.

Ban yi wata biyu da sakawa ba abin ya faru. Ranar wata Juma'a ce na makara, liman ya riga ya hau mumbari. Wajen masu gadin babura ya cika maƙil, yaron da ke ba da kati ya ɗaga mini hannu tun daga nesa, wai ba wuri. Na kai shi jikin wata katanga inda wasu suka jera nasu. Sarƙar kuwa na baro ta a gida, don tun da na saka tiraka na fara jin kaina. Kai kawai na kulle na shige sahu.

Muna raka'a ta biyu na ji waya tana karkarwa a aljihuna, sau biyu. Allah Ya yafe mini, har yau ban san surar da liman ya karanta ba. Ana sallamewa na zaro ta. Saƙon farko ya ce an girgiza babur, na biyu ya ce an kunna shi. Takalmi a hannu na riƙa tsallake mutane, wani dattijo har yana cewa "Yaro, ko addu'a ba za ka tsaya ba?" Na isa jikin katangar, babura na nan a jere, gurbin nawa ne kawai babu kowa.

Hannuna na rawa na tura saƙon kashewa. Shiru. Na sake turawa. Shiru. Na buɗe taswira, ga ɗigon yana ta zuba gudu a kan titi, ni kuma ina tsaye ƙafa ba takalmi ina zagin mai wayarin a zuciyata. Daga baya na fahimci haka aka yi su: ba sa yanke wuta in babur na gudu, sai ya sauko ƙasa da kilomita 20 a awa, don kada a kifar da mutum a tsakiyar titi. Abu ne mai ma'ana, amma da wanda ya saka mini ya faɗa tun farko, da ban kusa samun hawan jini ba. Na kira ƙanena. "Yaya, kana ina? Tsaya nan, ga ni nan." Kafin ya iso saƙo ya shigo cewa an kashe. Ina jin ɓarawon ya ci karo da cunkoson masu fitowa daga wani masallacin ne ya sassauta.

Ɗigon ya ɗan ja jiki a hankali, alamar turawa ake yi, sannan ya tsaya. Muka bi. Taswira ta kai mu tsakiyar filin ƙwallon wata firamare, ba babur ba dalilinsa, sai awaki. Muka yi ta zagaye lunguna, ni har na fara cewa an cire tirakar an jefar. Ƙanena ne ya hango shi a gindin wata darbejiya, wajen wani makaniki, an jingine shi an cire murfin filogi.

Na yi kan mutumin da zafi, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, sannu a hankali. Wani yaro ne ya turo shi yanzu, ya ce ya mutu masa a hanya, ya tafi sayo filogi. In naka ne, ina shaida?" Gaskiyarsa ce. Na nuna masa hoton rasit a waya, ya duba lambar inji, bai gamsu sosai ba. Sai na ce ya buga kik. Ya buga ya fi sau goma, ko tari babur bai yi ba. Na tura saƙon buɗewa a gabansa, na ce ya sake. Bugu ɗaya ya tashi. Mutumin ya riƙe baki ya ce, "Ikon Allah! Ashe da zan kwana ina wanke kabureta." Mun zauna a bencinsa kusan awa ɗaya muna jiran mai sayo filogi. Har yau bai dawo ba. Mazaunin makullin ya dagule, da wani ƙarfe aka murɗe shi, kullin kan kuma ya karye, abin da na ɗauka tsaro ne ashe ko minti ɗaya bai ɗauke su ba.

A satin da abin ya faru, duk majalisar da na zauna sai na ba da labari. Mutum uku na kai wa mai wayarin ɗin da kaina. Da a lokacin na rubuta wannan sharhi, da ba za ku ji komai ba sai yabo.

To amma fa tirakar nan tana shan batir kamar ba gobe. In na yi kwana uku ban hau ba, oda ta koma kukan ɗan akuya mai mura, sitata ko motsi. Boxer dai zai tashi da kik, amma ina amfanin mai gadin da ke barci duk lokacin da babur ya daɗe a ajiye, alhali lokacin ne ake buƙatarsa? Batir biyu na canza. Ga saƙon girgiza: yaro ya hau ya zauna, saƙo; tunkiya ta sosa jikinta, saƙo; kuma kowane ɗaya daga katin layin da ke ciki ake cirewa. In kuma na shigar da shi zaure ƙarƙashin kwano, sai taswira ta nuna mini shi a wata unguwa daban.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya ƙona mini rai shi ne maganar layi. Kun tuna wa'adin ƙarshe da hukumar sadarwa ta bayar na haɗa layi da lambar NIN a watan Satumban 2024. Ni nawa layukan duk na haɗa, ban ma kawo na cikin babur a raina ba. Sai na lura saƙonnin da ke damuna sun ɗauke, har ina murna wai yaran unguwa sun shiryu. Kusan sati uku ina ajiye babur a kasuwa da gaba gaɗi, ba sarƙa ba komai. Ranar da na gwada tura saƙo don nuna wa wani abokina, ba amsa. An rufe layin. Ashe da sunan wani can aka yi masa rajista, wanda ni ban sani ba, shi ma mai wayarin bai sani ba, a kan tebur ya saye shi. Da na koma masa cewa ya yi, "Haba Alhaji, ai wannan ba laifina ba ne, gwamnati ce." Na sayi sabon layi da sunana, ya kwance, ya saita, kuma ya miƙo hannu a biya shi kuɗin aiki. Na biya, don babur ɗina na kwance a gabansa.

A wajen kwancewar ne na ga wani abin. Inda ya ɓoye tawa, nan ya ɓoye ta mutum ukun da na kai masa, wuri ɗaya sak, kusa da batir, an naɗe da baƙin salatif. Duk yaron shagon da ya taɓa miƙa masa sukundireba ya san wurin. Ɓarawon da ya ɗauki nawa sabon shiga ne kawai, da gwani ne da ya shiga lungu na farko ya fizge ta.

Ban cire ta ba, ba kuma zan cire ba. Amma sarƙata ta dawo bakin aiki, na ma ƙara mata kwado mai kauri, kuma ranar Juma'a ko liman ya kusa tayar da salla sai na samu kati a wajen masu gadi. Duk ranar Lahadi nakan tura wa tirakar saƙo in ji ko tana da rai. Asabar mai zuwa zan kai shi wajen wani mai wayarin daban, a wata unguwa, ya canza mata wuri, kuma ni zan tsaya a kansa har ya gama.