Gargaɗi ga jama'ar Kano kan masu tallan ziyarar Maroko ta ƙarshen mako

Jama'a, a yi hattara da wasu mutane da ke yaɗa talla a WhatsApp da Facebook cewa za su ɗauki mutum daga Kano ranar Juma'a zuwa ƙasar Maroko, ya ziyarci birnin Fas, ya zaga Marrakesh, ya hau dutsen Tubkal, sannan su dawo da shi gida daren Lahadi. Kuɗin da suke yankewa bai kai na tikitin jirgi kaɗai ba, kuma sukan matsa a biya rabi a matsayin kafin alƙalami, wai kujeru sun kusa ƙarewa. 'Yan damfara ne, kuma tsarin tafiyar da suka rubuta da hannunsu ya isa ya tona musu asiri.

Tsakanin Fas da Marrakesh akwai tafiyar da ta haura kilomita 500, wadda a jirgin ƙasa takan ci fiye da awa shida. Shi kuwa Tubkal, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Arewacin Afirka, tsayinsa mita 4,167 ne, kuma masu hawansa sukan tashi daga ƙauyen Imlil, su kwana a masaukin da ke kan hanya a tsayin kusan mita 3,200, su ƙarasa ƙololuwa da asuba, su sauko a rana ta biyu. Hawan kaɗai ya cinye Asabar da Lahadi. Tun bayan kisan wasu mata biyu 'yan yawon buɗe ido kusa da Imlil a watan Disambar 2018, hukumomi ba sa barin baƙo ya hau sai da ɗan jagora mai lasisi, a lokacin hunturu kuma dusar ƙanƙara ke rufe hanyar, abin da ba a tunkararsa da takalmin zuwa kasuwa. Duk wanda ya ce zai haɗa wannan da birane biyu da tafiyar jirgi zuwa da dawowa cikin kwana uku, ko dai bai taɓa taka ƙasar ba, ko kuma tun farko bai yi niyyar kai kowa ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda suke fakewa da ziyara. Sun san matsayin Fas a zukatan mutanen Kano, domin a can zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani take, wanda ya rasu a 1815, a can kuma masallacin Ƙarawiyyin yake, wanda Fatima al-Fihri ta gina a 859. Hotunan waɗannan wurare suke sakawa a gaba, hawan dutsen kuma su jawo matasa da shi.

Wani maƙwabcina da ke sayar da yadi a Kantin Kwari ya biya wa kansa da mahaifiyarsa, wadda ta daɗe tana burin ganin Fas. Ofishin da aka kai shi ɗaki ne guda a saman wani bene, da tebur da kujerun roba da babban hoton jirgi a bango. Matashin da ke wurin ya karɓi fasfo ɗinsu, ya ba shi lambar asusu mai sunan mutum, ba na kamfani ba, yana cewa, “Alhaji, ka kwantar da hankalinka, Hajiya uwarmu ce.” Washegari aka turo masa takarda mai sunayensu da lambar jirgi da ranar tashi, kuma da ya duba a intanet ya ga sunayen suna nan. Ashe kujera kawai aka kama ba tare da biyan kuɗi ba, irin wadda kamfanin jirgi ke sokewa da kansa idan wa'adi ya cika. Da ya koma neman bayanin biza, kwaɗo ya tarar a ƙofa, wayoyin kuma duk a kashe.

Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13, kuma ita ya kamata a nema, a kira kamfanin jirgin a tabbatar da ita. Ɗan Najeriya yana buƙatar biza kafin ya shiga Maroko, ofishin jakadancin ƙasar kuma yana Abuja, saboda haka maganar “muna da mutum a filin jirgi” ƙarya ce. Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da suke mannawa a bango ba hujja ba ce, tunda buɗe kamfani ba wuya. A tambaya ko suna cikin ƙungiyar NANTA ta masu shirya tafiye-tafiye, a kuma bincika daga wajen ƙungiyar, ba daga bakinsu ba.

Wanda ya riga ya tura kuɗi ya garzaya bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi, ya adana rasit da saƙonnin da suka yi musaya, ya kai ƙara wajen 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kano. Wanda aka tafi da fasfonsa kuma ya karɓi rahoton 'yan sanda ya sanar da hukumar shige da fice ba tare da jinkiri ba, domin ana iya aikata wani laifin da sunansa.