Hattara da mai saida a-kori-kura "ta jan kaya" da ke yawo a WhatsApp da Facebook

Assalamu alaikum jama'ar Sakkwato da kewaye, musamman 'yan albasa, masu ɗaukar dabbobi daga Illela da Achida, masu buloƙ da masu saida ruwa a tanki. Akwai wani bawan Allah da ke tallar motoci a-kori-kura a guruf-guruf na WhatsApp da Facebook, shina cewa shi ka kawo Hilux da Ford "na musamman" waɗanda anka gyara don jan kaya masu nauyi, wai an ƙara musu bodi, an canza aksul, an ƙara sifirin, wai mota guda za ta yi maka aikin Canter. Don Allah kada wanda ya tura mishi ko sisi. Ba zan kama suna ko in sa lamba ba don magana ta riga ta kai gaban hukuma, amma zan hwaɗi yadda yake aikinai dalla-dalla yadda ko ya canza suna da layi za ku gane shi.

Ba shi da shago, ba shi da hili na ajiye motoci. Bidiyo yake sawa, mota ta sha sabon fenti tana ƙyalli, an tula mata buhuna har sama, ga waƙa a ƙasa. In ka yi magana sai ya kira ka da kanshi, bakinai da zaƙi, Alhaji kaza Alhaji kaza, ya ce motar na Kwatano ko tana Legas, ka zaɓi irin yadda kake so a haɗa maka ita: mai gida ɗaya ko mai gida biyu (wato layin kujeru ɗaya ko biyu), gajeren bodi ko dogo, aksul na gudu ko na ja. Kowane zaɓi da kuɗɗinai daban, kuma na "aksul na ja" shi ya hi tsada. Sai ka ba da kahin alƙalami, kamar kashi ɗaya cikin uku, kuma asusun da zai turo ba sunanshi ba ne, kullum sai ya ce na yaron shagonai ne. Wasu daga nan shi ke nan, waya ta mutu. Amma abin da ya sa ya daɗe ba a gano shi ba, wasu shina kawo musu motar da gaske, kuma waɗannan wallahi ni a ganina sun hi shan wuya, don na farko kuɗɗi kawai sunka rasa, na biyu an ba su abin da ka iya kashe su a hanya.

Kawuna na cikin na biyun. Manomin albasa ne ta wajen Goronyo, so yake ya huta da biyan kuɗɗin mota zuwa Kara, kuma ya riƙa jan ƙaramar tirela mai tankin ruwa lokacin rani. Anka kawo mishi Hilux fowil, wato mai ja da taya huɗu, an ce mai gida ɗaya ce dogon bodi. Da munka kai ta gareji a J. Allen anka ɗora ta kan rami, bakaniken ya haska tocila ƙarƙashi ya yi shiru, sannan yac ce, "Baba, wa ya saida maka wagga?" Kawu yac ce lahiya? Yac ce, "Baba sauko ka gani da idonka." Ashe motar asalinta mai gida biyu ce da ta yi hatsari, anka yanke gidan baya anka liƙe da faranti, anka yanke shasi ta baya anka yi mata ƙari da ƙarhen gini irin na ƙofar gareji, anka bi waldar da baƙin fenti da kwalta don kada a gani. Bakaniken ya sa sukudireba ya kankare wuri guda, sai ga waldar kamar kashin kaza, har ta fara tsagewa, kuma motar ko wata biyu ba ta yi a hannunai ba.

To bari in tsaya kan maganar aksul ɗin nan, don nan ne yake cin mutane, saboda yawancinmu muna jin lamba kawai ba mu san mi take nuhi ba. Cikin tulun aksul na baya akwai haƙora biyu, babban faranti da ƙaramin da ke juya shi. Lambar da kuke ji, 3.58 ko 4.10 ko 4.30, ma'anarta sau nawa firfela, wato dogon ƙarhen da ke kai juyin inji zuwa aksul, za ta juya kahin taya ta yi zagaye guda. In 4.10 ce, firfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗori, taya ta juya sau ɗaya. Lissahin ba wuya, haƙoran babba ka raba da na ƙarami: 41 da 10 shi ne 4.10, 43 da 10 shi ne 4.30, 41 da 11 shi ne 3.73, 39 da 11 shi ne 3.55. In lambar ta yi sama mota na samun ƙarhin tashi da kaya da hawan tudu, amma inji zai riƙa kuka a kan titi kuma ta hi shan mai. In lambar ta yi ƙasa ta hi sakin jiki a doguwar hanya kamar Sakkwato zuwa Gusau, amma da kaya za ta riƙa nishi tana cin kuloci. Ke nan maganar aksul na ja gaskiya ce, akwai shi, kamfani da kansa na hitar da mota iri ɗaya da lambobi daban-daban. Ƙaryar ita ce wai wanga mutum ya sa maka shi yadda ya kamata.

Abin da yake yi iri biyu ne. Ko dai bai taɓa aksul ɗin ba sam, ya wanke shi ya hesa fenti ya karɓi kuɗɗin canji, ko kuma, wanda ya hi muni, ya sawo tsohon aksul na baya a wajen 'yan gwangwan ya ɗaura ya bar na gaba yadda yake. A mota fowil dole ne na gaba da na baya lambarsu ta zo ɗaya, dole. Ta kawu gaba 3.58 ce baya 4.30, wato in anka sa fowil tayoyin gaba na son su yi zagaye shida a lokacin da na baya ke yin biyat. Cikin rairayi ba za ka ji sosai ba don taya na sulɓewa, shi ya sa in zai yi maka gwaji yake kai ka cikin yashi ya ce dibi yadda take haƙa. Ranar da ka hau ƙasa mai tauri ko kwalta da fowil a ciki, motar za ta riƙa ƙullewa tana tsalle, taya na ci, daga nan akwatin fowil ko firfela ko haƙoran aksul wani ya tahi. Kuma wannan gyaran ba na ƙananan kuɗɗi ba ne.

Gwajin kuma ba ya buƙatar kwamfuta, jak da alli kawai. Ka sa motar a furi, ka saki birkin hannu, ka tare tayoyin gaba da dutse, ka ɗaga tayar baya guda ɗaya. Ka yi alama a taya ka yi alama a firfela. Ka juya tayar sau biyu cif, wani na ƙasa shina ƙirga juyin firfela, abin da ya ƙirga shi ne lambar: kusan uku da rabi, ko huɗu da ɗan kaɗan, ko huɗu da sulusi. In tayar ta ƙi juyawa da guda a ƙasa to aksul mai riƙewa ne, sai a ɗaga duka biyun a juya sau ɗaya. Haka za a yi ma na gaba a gwama. Sannan Toyota na da ɗan faranti ko sitika mai lambar giya da aksul, ko cikin bonet ko jikin ƙofa, Ford na Amurka kuma sitikar na jikin ginshiƙin ƙofar direba, akwai wurin da anka rubuta lambar aksul da iyakar nauyin da motar ka iya ɗauka gaba da baya. Motocin wanga mutum duk wadda na gani an ɓamɓare sitikar ko an bi ta da fenti. Mota mai gaskiya mi zai sa a ɓoye wannan?

Wata dabarar tasa ita ce manyan tayoyi. Suna sa mota ta yi kwarjini a hoto, mutum ya ga kamar ƙarhi ne, alhali rage mata ƙarhin ja suke yi. In taya ta ƙaru da kashi 10 cikin 100, aksul 4.10 ya koma yana aiki kamar 3.73, ga birki ya ƙara wahala, ga agogon gudu na yi maka ƙarya.

Sai maganar nauyi, wadda ita ta hi ci mani rai. Hilux abin da anka yi ta ta ɗauka bai wuce tan ɗaya da ɗan motsi ba, kuma cikin tan ɗin nan har da direba da yaran mota da shi kanshi ƙarhen bodin da anka ƙara. Buhun siminti kilo 50 ne, ke nan buhu 20 ka kai iyaka. Shi kuma shina gaya ma mutane tan uku, wai ai ya ƙara ganyen sifirin. Ganyen sifirin hana mota zama ƙasa kawai yake yi, bai ƙara ƙarhin shasi ba, bai ƙara birki ba, bai ƙara boris na aksul ba, bai ƙara ƙarhin taya ba. Jaki ne anka ɗora ma kayan raƙumi don an canza mishi akumari. Kuma in bodi ya zarce tayar baya da yawa, kayan da ke can ƙarshe suna danna baya suna ɗaga gaba, sitiyari ya yi sakwaf, birkin gaba ya rage kamu, shasi kuma ya lanƙwashe daidai tsakanin gida da bodi. Duk wanda ke bin hanyar Illela ya taɓa ganin a-kori-kura da ta karye a tsakiya kamar an naɗe ta, to ga dalilin nan. Ku haɗa da zahin watan Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, tayar da anka yi ma lodi hiye da ƙima a kan kwalta mai zahi ba ta yin gargaɗi kahin ta hwashe.

Jan tirela ma haka. Sababbin Hilux masu dizal akwai waɗanda kamfani ya yarda su ja har tan uku da rabi, amma da sharaɗin tirelar na da birkinta. In ba ta da birki kilo 750 ne iyaka. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, tankin lita 2,000 tan biyu ke nan ban da nauyin tirela, kuma tirelolin da ake ƙerawa nan gida mahi yawa ba su da birki. Ƙugiyar ja kuma ana ɗaure ta ne da manyan notuna a jikin shasi ta ɓangare biyu, ta kawu a jikin bamba anka yi mata walda, bakaniken ya taka ta da ƙahwa tana lilo. Ka yi tunanin wannan ta cire a gangara da mashin bayanka ɗauke da mace da goyo.

Masu son Ford su ma su buɗe ido, an ce ya taɓa liƙa tambarin F-250, wadda ita ce babba, a jikin F-150 ya saida. Tambari a kasuwa ake saye. Ku ƙirga notunan taya, F-250 takwas gare ta, F-150 ta shekarun nan galibi shida. Lambar shasi kuma harafi da lamba 17 ne, ku gwama ta jikin gilashin gaba da ta jikin ƙofa da wadda anka buga a ƙarhen shasi da ta takardun kwastan, duka su zo ɗaya. A farkon 2017 gwamnati ta sa dokar hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka wanda yac ce maka mota daga Kwatano ta biyo ta Ƙonni kuma "takardu na nan tahe", ka tsaya sai an tantance diyutin a ofishin kwastan kahin ka ba da komi.

Ni ba na cewa gyaran bodi haramun ne, muna da masu walda na kirki a garin nan da ke yin bodin katako da keji na dabbobi masu kyau, kuma za su gaya maka gaskiya cewa ga iya abin da motarka ka ɗauka. Bambancin shi ne su kana tsaye suke aikin, kan motarka, shasi ba a taɓa shi ba. In aikinka na tan uku ne kullum, ka tara kuɗɗi ka sayi Canter ko Dyna ko da tsohuwa ce, ta hi maka kwanciyar hankali. In kuma a-kori-kurar kake so, ka tahi da bakanikenka ba nashi ba, a hau rami, a yi gwajin alli, a tuƙa ta kan kwalta ba yashi kaɗai ba, a rubuta yarjejeniya da shaidu a sa lambar aksul da lambar shasi a ciki, kuɗɗi kuma su shiga asusu mai sunan wanda ya sa hannu. In yac ce sauri yake akwai wani Alhaji na jiran motar, ka ce Allah ya ba Alhajin sa'a.

Motar kawu na nan ajiye, mun hana a taɓa ta don ita ce shaida. Waɗanda abin ya shahwa da munka samu zuwa yanzu akwai na Gwadabawa da na Bodinga da wani daga Aliero, kuma na san akwai masu jin kunyar hitowa. Don Allah ku hito, kada ku goge hirarku da shi ta WhatsApp ko saƙon murya, ku ajiye rasit na tiransifa da hoton tallar, ku kai ƙorahi wurin 'yan sanda ko ofishin EFCC na nan Sakkwato don a haɗa da namu. Wanda kuma ya riga ya karɓi mota daga hannunai, kada ya sa fowil, kada ya ɗaura tirela, ya kai ta a duba shasin tun yau. Ku tura ma 'yan uwa na ƙauye da ba su hawa Facebook, a karanta musu, don yanzu da kakar albasa ke matsowa su yake bi.