Bas ɗinka ta faɗi gwajin hayaƙi? Dakata kafin ka sayi indomi

Duk wanda ya kai tsohuwar Hiace cibiyar duba motoci da kwamfuta, irin na Legas ko Abuja, aka ce hayaƙinta bai ci ba, abin da zai fara ji a gareji shi ne: "Oga, indomi ne, sai an canja." Indomi shi ne sunan da makanikai suka laƙaba wa tukunyar tace hayaƙin da ke jikin salansa. Ita ta fi komai tsada a wannan layin, saboda filatinam da faladiyam da rodiyam da ke cikinta, shi ya sa ban yarda a fara da ita ba.

Fara duba takardar gwajin, wannan ba ka biyan ko sisi. Idan lambar CO, wato iskar gubar da ke cikin hayaƙi, ce ta haura, fetur ya fi iska yawa a injin: ko matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, ko nozil yana zuba, ko sensar oksijin ta gaji. Idan HC ce, fetur ne ke fita ɗanye bai ƙone ba, sai ka nemi filogi da kwayil. Akwai kuma lamda, ma'aunin daidaiton iska da fetur, wadda ake so ta tsaya tsakanin 0.97 da 1.03. In ta zarce haka alhali CO da HC lafiya lau, sau da yawa huji ne a salansa yake shigar da iska, aikin mai walda ne kawai. Toshe bakin salansar da tsumma na ɗan lokaci motar tana kunne, za ka ji inda take huci.

Kada kuma ka kai ta gwaji da sanyin inji. Indomi ba ya fara aiki sai ya ɗau zafi wajen digiri 300, don haka ka ɗan ja ta a babban titi tukuna.

Sai batun abin da za ka kashe wa kuɗi. 'Yar na'urar ELM327 da ake haɗawa da waya tana da arha, kuma tana karanta lambobin matsala, amma sai motar tana da soket ɗin OBD2 mai fil 16, inda ake jona na'urar da kwamfutar mota. Motocin Amurka sun zo da shi tun 1996, na Turai masu fetur tun 2001. Ga bas mai kabireta kuwa, sayen na'urar asarar kuɗi ne. Ko da ta nuna P0420, lambar da ke zargin indomi, hujin salansa ko lalatacciyar sensa na iya jawo ta. Na fi son ka biya gareji mai injin auna hayaƙi, a zura sandar injin a salansar motarka, a gyara abu ɗaya a sake aunawa a gabanka. Maganin kwalba da ake zubawa a tanki yana ɗan wanke nozil, iyakarsa ke nan.

To, in an tabbatar indomin ne fa? Sabo na kamfani ya fi, in aljihu zai ɗauka. Ɗan Beljiyam na kasuwar Ladipo ta Legas ko ta Ƙofar Ruwa ta Kano sa'a ne: haska tocila ciki ka ga ramukan nan kamar saƙar zuma suna nan ba su narke ba, ka girgiza shi, in ya yi ƙaraurawa ka ajiye musu kayansu. Akwai waɗanda aka riga aka kwashe cikinsu aka sayar, aka like da walda, saboda haka duba ɗinkin da kyau. Sabo mai arha kuwa ƙarfe mai darajar da ke cikinsa kaɗan ne, yana iya cin gwajin bana ya faɗi na baɗi.

Idan hayaƙin shuɗi ne, injin yana shan baƙin mai, kuma zai kashe duk indomin da ka ɗaura. A fara da ringin fistin. Mai bas ɗin dizal kuwa, duhun hayaƙi ake auna masa, don haka kuɗinsa ya tafi wajen mai gyaran nozil da famfo.